Tashar Jirgin da Kawu Yake Nufi

Jebel Ali, Dubai.

Zuwa ga yayata Mero,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin ta ƙane ga yayarsa, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigida Malam Salmanu da yara baki ɗaya. Allah ya kawo miki sauƙin ciwon gwiwar nan, ya sa kaffara ne. Na ji an ce bana Kwara ta cika har ruwa ya taɓa gindin tsamiyar bakin kasuwa, Allah ya sa ta koma da sauƙi ta bar wa masu albasa gonakinsu. Na kuma ji Rahila 'yarki ta sauka lafiya an sami mace, Allah ya raya ta, ya sa mai jin ƙan iyayenta ce. Ni ma lafiya lau nake, sai dai gajiyar da ta zame mini riga, da ita nake kwana da ita nake tashi. Aiki yana nan yadda kika san shi, a ɗaure kwali a loda a kwantena, kayan mutanen da har abada ba za su san sunana ba.

Kin san ni ba mai rubuta takarda ba ne, amma saƙon muryarki na kwanan baya ya ƙi barina in huta. Abu biyu kika faɗa. Na farko, Abdulmumin ɗinki zai zo ya raka Kawu Shu'aibu gida in likita ya sallame shi, kina son in kwatanta masa hanya daga filin jirgin sama zuwa inda ake hawa jirgin fito na Sharja, tunda gidan Musbahu ɗan Kawu yana kusa da inda jirgin yake sauke mutane. Na biyu kuma sai kika sassauta murya, kika ce kin ji wai ranar jajibirin aikin idon Kawu sai da rana ta kusa faɗuwa sannan na je, alhali tun da safe ya kira ni. Wannan muryar kuwa tun ina yaro na san abin da take nufi. Amsar maganganun biyu ɗaya ce, Yaya, kuma ta fi ƙarfin waya. Shi ya sa na zauna na rubuta, zan ba Alhaji Sharfuddeen ɗan kasuwar Kano da zai koma gida ya sa miki a motar Yauri.

Ba zan ɓoye miki ba, maganar ta yi mini zafi. Shekarun da na yi a ƙasar nan, in waya ta yi ƙara daga gida na riga na san ko turare ake so, ko sabuwar waya, ko wani ya ga takalmi a hoto. Ba na cewa laifi ne. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin gaya, kuma a ganinku ni ne a gindin murhun. Ba ku san ni ne itacen ba. Amma duk cikin masu kirana Kawu kaɗai ne bai taɓa cewa in aiko masa da ko tsinke ba, iyakarsa ya tambaya ko ina cin abinci mai ruwa-ruwa, ko ina samun barci. Shi ya ɗauke ni bayan rasuwar Baba ya zaunar da ni a jirginsa, shi ya danƙa mini filafili tun hannuna bai gama zagaye shi ba, muna fito tsakanin Yelwa da gungun tsakiyar Kwara. Mutumin nan ne za a ce na yi wa nawa da gangan?

Kin san halin da idonsa yake ciki. Na hagu ya daɗe da mutuwa, na dama kuma farar yana ta rufe shi, jijiyar ma ta raunana. Likita ya gaya wa Musbahu gaskiya, ya ce za a yi aikin amma ba ya alkawari, ko idon ya buɗe, ko ɗan abin da ya rage ma ya tafi. Ga shi kuma da rana ta faɗi shi ke nan, duniya ta rufe masa sai gobe. Tun da ya sauka a gidan ɗansa nake roƙon mudir ɗinmu, wato shugaban wurin aikinmu, ya ba ni ko yini guda in je in gaishe shi, yana ce mini kaya sun yi yawa, shwaiya shwaiya, wato a bi a hankali. Ba na riƙe shi a zuciya sosai, shi ma akwai mai taka masa wuya daga sama. To da safiyar ranar nan sai ga saƙon murya ta wayar Musbahu, muryar Kawu ce da kansa. Ya ce, “Labaran, gobe za su taɓa idon. Ka same ni a tashar jirgi kafin rana ta faɗi, ina son in gan ka da idona.” Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Na kira, wayar a kashe. Daga baya na ji ashe Kawu ne ya cinye cajin, ya sa Musbahu yana ta ɗaukar muryarsa ana aika wa duk wani mai rai a Yauri, har da mai gyaran injinsa. Na je na tsaya a gaban mudir har sai da ya gaji da ganina, ya ce khalas, shi ke nan, in an yi azahar in tafi.

Sai na kwatanta miki garin nan kafin ki gane sauran. Dubai dogo ne, kamar igiyar da aka shimfiɗa a bakin teku. Ni ina wannan bakin igiyar inda ɗakunan ajiye kaya suke, tsohon gari kuma yana can ɗaya bakin. A tsohon garin ne teku ya kutso da hannunsa cikin ƙasa ya raba unguwanni biyu, Deira a wannan gaɓa, Bur Dubai a waccan, ruwan kuma suna ce masa Khor. Mai son ya ƙetare garin daga inda nake yana da zaɓi uku. Akwai tasi, mai tsabta mai sanyi, direba ba ya ciniki, sai dai akwai wani ɗan agogo a gabansa da ba ya gajiya, ko mota tana tsaye shi yana tafiya, ga kuma wasu ƙofofi a kan babban titi da suke yankar rabonsu ba tare da sun tsayar da kai ba. Akwai bas, ita ce mai tausayin aljihu, amma sai ta leƙa kowace unguwa ta gaisa, kamar mai rabon goron ɗaurin aure. Sai kuma jirgin ƙasa da suke kira metro, wanda ba ruwansa da cunkoson titi, yana can bisa gadarsa yana wucewa ta kan kowa. Mu ma'aikata shi ne jakinmu. Mun saba da shi har in ɗayanmu ya ce mu haɗu a jirgi, ba wanda yake tambayar wane jirgi. Kuma duk sanda zan ga Musbahu, a tashar metro da ke kusa da ofishinsu na aika kaya a Port Saeed muke haɗuwa. Saboda haka da Kawu ya ce tashar jirgi, ko ɗar ban ji ba. Na ce can ne.

Na shiga na tsaya a can gaba, inda ya kamata direba ya zauna, don jirgin nan ba shi da direba, gilashi ne kawai sai hanya. Yaya, in mutum ya tsaya a wurin nan da gajiya a jikinsa, wani abu yakan same shi. Ba ƙara, ba girgiza, sai ka ji kamar ba tafiya kake ba, garin ne yake tahowa yana rabewa gida biyu yana wuce ka. Dogayen benayen nan na gilashi suka riƙa tasowa dama da hagu, kai har sai da suka zame mini kamar dogayen ciyayin bakin gungu lokacin da ruwa ya cika, in Kawu ya ajiye gora ya bar jirgi yana silalewa da kansa. Rana tana faɗa wa gilashi tana tarwatsewa kamar yadda take yi a kan Kwara da hantsi. Na riƙa shirya abin da zan gaya masa, in ce ga inda nake kwana, ga abin da nake ci, in rage wasu in ƙawata wasu. Kusa da ni wani Bafilipine yana gyangyaɗi a tsaye, wata Ba'indiya tana kallon hoton jariri a waya tana murmushi ita kaɗai. Na ce a raina dukkanmu jirgi ɗaya ya kwaso mu, kowa jikinsa a nan, ransa a wani bakin ruwa. Da muka kusa tsohon gari sai jirgin ya sunkuya ya shige ƙarƙashin ƙasa, hasken ya ɗauke, na ga fuskata a gilashi. Na daɗe ban kalle ta haka ba.

Na sauka na tsaya a bakin ƙofar tashar, duk wata farar hula da ta ɓullo sai gabana ya faɗi. Jirage suna zuwa suna juye mutane suna wucewa, ba Kawu ba Musbahu. Da la'asar ta yi na yi salla na taka zuwa ofishinsu, aka ce ai Musbahu yau bai zo ba, ya ɗauki hutu ya kai babansa asibiti. A nan na tarar da Alhaji Sharfuddeen zaune a kan dilar yadi yana jiran a auna masa kaya. Na kunna masa saƙon. Ya saurara ya buga cinya, ya ce ai magana a fili take, tsoho ya ji an ambaci wuƙa ya tsorata, gida za shi, yana filin jirgin sama yanzu haka. Na ce masa mutumin da yake bi ta tsakiyar dorinai da jirgi cike da mata da buhuna bai taɓa ɗaga murya ba, ba wuƙar likita ce za ta kore shi ba. Ya ce habibi, dorina daban allura daban, shi yana da baffa maharbi da ya gudu daga asibiti ba takalmi. Ya rantse ya maimaita cewa duk duniya in an ce jirgi na sama ake nufi, sauran duk karambani ne, ga filin nan ma kusa, yalla mu je. Har ya fita yana ɗaga wa tasi hannu. Mutumin kirki ne, ya bar kayansa a kan sikeli saboda ni, amma Bakano ne, ruwan da ya sani na randa ne.

Na ce ya ɗan ba ni lokaci. Na tsallaka titi na gangara bakin Khor, inda manyan jiragen katako suke ɗaure ana loda musu firji da tayoyi da buhuna, don in sami inda zan ji da kyau. Na manna wayar a kunne na sake kunnawa. Wannan karon ban saurari maganar Kawu ba, na saurari abin da ke bayanta. Sai na ji ruwa yana marin katako, lab, lab, lab. Na ji ƙaramin inji yana tuk-tuk-tuk daga nesa, na ji kukan fararen tsuntsayen teku. Na sauke wayar, sai na ji ƙarar ba ta tsaya ba, tana nan a gabana. Yaya, na tsaya kamar an dasa ni. Yaushe Kawu ya taɓa cewa jirgin ruwa? A Yauri wa yake ƙara wa jirgi wata kalma? Jirgi jirgi ne, na sama da na ƙasa su ne baƙi, su ake yi wa bayani. Ni da na yi wayo a cikinsa, ni da har yau akwai kantar filafili a tafina, an ce mini jirgi na tafi na tsaya a bakin rami ina jiran ƙarfe. Na san garin nan ya ci ƙarfina, ya ci ƙuruciyata, wannan da yardata na sayar. Ban san ya shiga bakina ya canja mini ma'anar kalmar da na fara sani a duniya ba.

Rana ta riga ta karkata, inuwar jirage ta yi tsawo a kan ruwa. Da na koma na yi wa Alhaji bayani bai gamsu ba, amma ya ce to a ɗauki tasin dai a tsallaka gada zuwa Bur Dubai, tunda can ne babbar tashar jiragen fito take, a wurin da ake kira Gubaiba. Na duba titi, lokacin tashi daga aiki ya yi, motoci sun jeru kamar shanu a mashaya. A wannan lokaci tasi ba mota ba ce, ɗaki ne mai sanyi da ake biya a zauna. Bas kuwa ba a ma maganarta, a bayan tasin za ta tsaya. Metro shi ne mafi tabbas, in koma baya kaɗan in canja daga jan layi zuwa kore, ya bi da ni ta ƙarƙashin Khor ya fitar da ni dab da Gubaiba. In gaskiya za a bi shi ya fi sauri, kuma da wani ne ya tambaye ni shi zan ce ya bi. Amma sai na tuna injin da na ji a saƙon ƙarami ne, na abra ne, wato ƙananan jiragen katako da suke fito da mutane tsakanin gaɓoɓin biyu, su kuwa suna da matsaya a wannan gaɓa suna da ita a waccan. Ban san a wacce Kawu yake ba. Jirgin da yake bi ta ƙarƙashin ruwa makaho ne, zai iya wucewa da ni ta ƙarƙashin ƙafar Kawu ban sani ba. Wanda yake tsakiyar ruwa shi yake ganin gaɓa biyu, wannan ma Kawun ne ya koya mini. Sai na yi sallama da Alhaji na raba hanyar, na hau metro ya rage mini nisa, na sauka a tsohuwar kasuwar Deira na ratsa da sassarfa zuwa bakin ruwa, na duba matsayar wannan gaɓa ban gan shi ba, na faɗa abra.

Abra ba ta da kujera sai wani dandamali a tsakiya, a zauna baya da baya, ƙafa tana kusa da ruwa, ga rumfa a sama. Matuƙin yana zaune a ɗan rami a tsakiya, ya bi mu ya karɓi dirhami ɗai-ɗai ba tare da ya kalli fuskar kowa ba. Da muka rabu da gaɓa, duk saurin da ke cikin ƙirjina sai ya kwanta, ban san dalili ba. Warin man inji da na jiƙaƙƙen katako ya doki hancina, wari ɗaya ne da na gida, gishiri kawai aka ƙara. Rana ta sauko ta zauna a bakin Khor ta zuba masa ja da ruwan ɗorawa, tsuntsaye suna shawagi a kanmu kamar an watsa auduga. Na sa hannu a ruwa. Wallahi Yaya na ɗan lokaci ban san inda nake ba. Na ga kamar hasumiyoyin masallatan Bur Dubai giginyun tsallake ne, na ga kamar in mun isa zan tarar da Inna tsaye da ƙwarya a ka tana faɗan mun daɗe, ke kuma kina bayanta kina yi mini gwalo. Shekara da shekaru ina garin nan, abra tana nan a kan dirhami ɗaya, ban fi a ƙirga a hannu ba na hau ta. Ina jin tsoron abin da za ta tuna mini ne.

Muna kusa da gaɓa na hango shi. Yana zaune a kan dakalin bakin ruwa kusa da matsayar, da farar hularsa, ya ɗaga gwiwa ɗaya ya ɗora hannu a kai, zaman da yake yi a gindin jirgi. Musbahu yana tsaye a kansa yana kai da kawo yana duban agogo. Ashe da safe Kawu ya ji akwai jirgin da yake zuwa Dubai daga Sharja ta teku, ya ce shi ba zai shiga mota ba. Da suka gama da asibiti suka dawo nan, ya ce a zaunar da shi inda zai riƙa jin ƙananan jiragen, a nan zan same shi. Musbahu ya yi ta gaya masa wataƙila ban gane wurin ba, ya ce wane irin rashin ganewa, ai ya faɗa mini tashar jirgi. A nan zan yi wa Musbahu adalci. Shi ya ɗauki nauyin zuwan nan, shi yake kwana da tsoho yake tashi da shi, ga jirgin komawarsu ya kusa tashi, ga likita ya ce a kwantar da shi da wuri. In ya yi fushi har ya faɗa wa matarsa magana ta iso gare ki, bai yi ƙarya ba, na makara. Dalilin ne kawai bai biyo maganar ba, dalili kuwa kullum a ƙasa yake tafiya, magana tana jirgin sama.

Musbahu ne ya ba ni labarin abin da ya faru kafin in iso gare su. Ya ce abra ta zo cike, shi mai ido biyu bai ma gan ni ba, sai ya ji Kawu ya ce ga shi can. Ya tambaye shi ta yaya ya sani, tunda inuwa kawai yake gani daga nan. Kawu ya ce duk mutanen da suke sauka tun ɗazu sai jirgi ya bugi gaɓa sun kama ƙarfe sannan su miƙe, amma ga wata inuwa ta taka waje tun jirgi bai taɓa ba, ba ta kama komai ba, ta kuma juya ta dafe bakin jirgin da ƙafa don na baya su sauka. Ya ce duk garin nan mutum ɗaya ya koya wa haka. Ni ban ma san na yi ba.

Na durƙusa a gabansa na gaishe shi. Sai ya kama kaina da hannu biyu ya juya ni wajen sauran hasken da ya rage, ya matso da idon nan nasa har ina jin numfashinsa. Ya daɗe yana kallo, yana bi a hankali daga goshi zuwa haɓa kamar mai duba jirgin da zai saya. Sannan ya ce, “Wannan farin da nake gani a kanka, furfura ce ko yanar idona ce?” Na ce furfura ce, Kawu. Ya ce, “To alhamdu lillahi, ashe ina gani.” Duk abin da na shirya a metro ban faɗi ko ɗaya ba, shi ma bai tambaya ba. Da na ba shi labarin inda na je na tsaya da inda Alhaji ya so kai ni, ya yi dariya har da tari, ya ce ashe jirgi ya hayayyafa a garin nan, to daga yau in za a kira shi a riƙa haɗawa da sunan ubansa. Muka taka tare zuwa Gubaiba, hannunsa a kafaɗata, muka iske ana shiga. Kafin su wuce ƙofa rana ta faɗi, na ga ya fara laluben hanya da ƙafa. Ya ce wa Musbahu babban jirgin nan ba laifi, amma jirgin da aka rufe da gilashi aka sa masa sanyi har ba ka jin warin ruwa, mota ce kawai da ta iya iyo.

An yi aikin, an kuma cire bandeji. Na je na gan shi ranar hutuna. Yana ganin haske, yana gane ƙofa da taga, in mutum ya gitta ya san an gitta, amma fuska tukuna. Likita ya ce a ba shi lokaci, ba mamaki ya ƙaru, ba mamaki kuma ya tsaya a nan. Na zauna kusa da shi raina a jagule, sai shi ne ma yake ba ni haƙuri. Ya ce kada in damu, tawa fuskar ya riga ya ɗauka ya ajiye, da furfurarta da komai, in ya so ganina ba sai ya buɗe ido ba. Ki taya mu da addu'a, ki kuma sa yara su yi.

Yanzu ga saƙon Abdulmumin. In ya sauka da jaka ɗaya, ya hau metro daga cikin filin jirgin, ya sayi katin shiga a wurin, ya bi jan layi zuwa tashar Union, ya canja zuwa kore ya sauka a Gubaiba, daga nan ɗan taki ne zuwa bakin ruwa. Ya kula kada ya shiga taragon mata, kuma kada ya ci komai a ciki, ko goro, don suna cin tara ba sa jin ban sani ba. In kin cika shi da kaya yadda na san halinki, da busasshen kifi da yaji da man shanu, to ya ɗauki tasi, amma ba da yamma lokacin tashi daga aiki ba, kuma ya nuna wa direba hoton jirgin a waya, kada ya tsaya fassara. Bas ya bar ta sai ya san gari. Ya tambayi Musbahu lokacin tashin jirgin tun kafin ya baro gida, don ba kamar namu ba ne da ake jira ya cika, in lokacinsa ya yi ko mutum biyu ne tafiya yake. Abra kuwa kada ya hau ta shi kaɗai, ya jira mu. Kawu ya ce kafin ya bar ƙasar nan sai an fito da shi a cikinta, da ido ko ba ido, kuma ya ce ni zan zauna a gefensa in riƙa gaya masa abin da ke gaɓa, shi kuma ya riƙa gaya mini abin da ruwan yake yi. Na riga na gaya wa mudir, ranar ko kaya sun kai rufi ba zai gan ni ba.

Ki gaishe mini da Malam Salmanu, ki ce ina yi masa barka da jika. Ki gaishe da Rahila da jaririya da angon ƙarni, da Halima Sa'adiya da Bashar, ki ce wa Bashar takalmin yana nan tafe a jakar Abdulmumin, ya daina aiko mini da hoto. Ki leƙa gidan Kawu ki gaishe da Gwaggo Nafisa ki kwantar mata da hankali, yana ci yana sha, yana kuma yi wa kowa faɗa. In kin gangara bakin ruwa ki gaishe da duk wanda ya tuna da ni a cikin masu fito. In Alhaji Sharfuddeen ya kira ki don jin ko takarda ta iso, ki yi masa godiya, amma kada ki tayar masa da zancen jirgi, har yau bai sauka daga bakansa ba.

Ke kuma Yaya, duk ranar da Allah ya nufa na dawo, kada ki wahalar da kanki da kwatance. Ki ce in same ki a tashar jirgi. Na san inda zan je.

Ƙanenki da yake kewarku,
Labaran.